Injin Fijo 504 a Ƙasar Haɗejiya: Ƙirarsa, Kiwonsa, da Abin da Yake Kashe Shi

 Yau za mu tsaya ne a kan injin wata mota guda, wadda da wuya a sami wanda ya haura shekara talatin a ƙasar Haɗejiya bai taɓa shigarta ba, ko a hanyar Kano, ko a ayarin kai amarya, ko a daren da aka ɗauki mara lafiya zuwa asibiti, wato Peugeot 504, Fijo ke nan a bakinmu. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne har yanzu akwai magidanta da yawa waɗanda abincin gidansu yake rataye a wuyan wannan tsohon inji, alhali galibin waɗanda suka san sirrinsa sun tsufa, waɗansu ma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

A shekarar 1968 aka fara fito da wannan mota a ƙasar Faransa, a shekarar 1969 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Daga baya, a 1975, wani direba mutumin ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya lashe tseren Safari na ƙasar Kenya da ita, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, wanda yake Kakuri, ya fara aiki, aka shiga fito da ita a cikin ƙasarmu, har ta zama motar gwamnati da ta sarakuna da ta 'yan kasuwa, wagon ɗinta ta mamaye tashoshin haya, akori-kurarta ta mamaye kasuwannin ƙauye. Faransawa sun daina ƙera ta tun cikin shekarun 1980, in ban da akori-kurarta, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000; ke nan mafi ƙuruciyar wadda za ka gani yau a tasha ta doshi shekara ashirin, mafi yawansu kuwa sun ninka haka.

To, mene ne a cikin bonet ɗinta? Injin da ya fi yawa a wajenmu shi ne wanda maƙeransa suka sa wa suna XN1, mai silinda huɗu a jere, wanda girmansa ya kai cc 1971, wato kusan lita biyu; faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 81, ƙarfinsa kuma ya ɗan haura doki casa'in. Akwai ƙaraminsa mai cc 1796, wanda da shi aka fara. Idan ka buɗe bonet za ka tarar injin a kishingiɗe yake, an karkatar da shi daraja 45, domin gaban motar ya yi ƙasa, direba ya riƙa ganin hanya sosai. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda makanikai suke kira tof silinda, na alminiyam ne. Karanshaf ɗinsa yana kwance a kan mital biyar, sarƙa ce take jan taimin ɗinsa, kafireta ce take ba shi mai, kwantak da kwil su suke ba shi wuta. Babu kwamfuta a jikinsa ko guda, saboda haka duk wata illa da ta same shi, mai ido da kunne da haƙuri yana iya gano ta a gindin bishiya.

Babbar hikimar da take cikin ƙirar wannan inji, wadda a ganina ita ce asalin daɗewarsa a hannun talaka, ita ce silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba. Kowace silinda bututu ce mai zaman kanta, wadda ake zura ta a cire ta, ruwan sanyaya inji yana kewaye ta kai tsaye, ita ce makanikai suke ce wa silib. Fa'idar wannan a bayyane take, domin idan inji ya tsufa, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba sai an ɗauki ganga an kai ta wurin masu gurza ba. Sai a sayo silib huɗu da fistin da ringi, a zare tsofaffin a zura sababbi, inji ya koma kamar ranar da ya baro Kaduna. Da wannan dabara ganga ɗaya take iya cinye rayuwa biyu ko uku, uba ya yi haya da ita ya bar wa ɗa.

Sai dai inda ƙarfin yake, nan raunin yake, kuma ina roƙon direbobi da masu motoci su ba ni kunnuwansu a wannan gaɓa, don ita ce zuciyar maganarmu ta yau. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi; alminiyam ya fi saurin buɗewa, kusan ninki biyu. Abin da yake tsakaninsu yana riƙe wuta da ruwa da mai kowanne a hanyarsa, shi ne gasket ɗan siriri, wanda tof silinda take danne shi a kan bakin silib ɗin nan huɗu. Muddin zafin inji yana kan ƙa'ida, wannan haɗi yana iya shekaru bai motsa ba. Amma ranar da aka bar inji ya tafasa, ko da sau ɗaya ne, tof tana iya lanƙwasa da abin da ido ba ya gani, gasket ya ƙone, ruwa ya sami hanya zuwa cikin mai ko cikin silinda, daga nan kuma sai a shiga jinyar da ba ta ƙarewa. Mafi yawan injinan Fijo da na ga an sauke a gareji, zafi ne ya kai su can tun kafin tsufa ya kai su. Mu kuwa muna zaune a ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu yake haura daraja 40, ga lodi, ga rairayi, ga doguwar tafiya daga Haɗejiya ta Gujungu zuwa Kano da tsakar rana.

Saboda haka kiwon wannan inji daga lagireto yake farawa. Al'adar da yawa daga direbobinmu ita ce, duk inda ruwa ya ragu sai a tsaya a bakin fadama ko kududdufi, yaron mota ya ɗebo a galan a ɗura. Ruwan Kogin Haɗejiya albarka ne ga shinkafa da alkama da tattasai, amma yana ɗauke da laka mai laushi wadda take kwanciya a cikin siraran hanyoyin lagireto ta toshe su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma taru a gindin silib inda babu mai ganinta. Ruwan waɗansu rijiyoyi kuma yana da gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa, wanda yake cin alminiyam a hankali har ya rarake hanyoyin ruwa na cikin tof. Abin da ya wajaba shi ne ruwa mai tsabta, wanda aka haɗa da ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, don shi yana ɗauke da maganin tsatsa. Wanda bai sami hali ba, to ya tari ruwan sama a mazubi mai tsabta, ya tace, ya riƙa yawo da shi a but. Murfin lagireto ma ba abin rainawa ba ne: sifirin da yake cikinsa yana riƙe matsi, matsin nan kuwa shi yake hana ruwa tafasa da wuri, don haka wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ko leda ya rage wa injinsa kariya da hannunsa. A duba fanbel kowace safiya, a danna shi da yatsa a ji ko ya saki, a duba tiyo ko ya kumbura, a leƙa ƙarƙashin famfon ruwa ko yana ɗiga.

Akwai wata mas'ala da makanikai suka yi saɓani a kanta, ita ce cire tamostat. Da yawa suna cire shi da zarar mota ta shigo hannunsu, hujjarsu ita ce ƙasarmu ƙasar zafi ce, ba ma bukatar abin da zai tare ruwa. Na fahimci inda suka dosa, domin tamostat ɗin da ya lalace ya maƙale a rufe yana dafa inji cikin 'yan mintoci. Amma ni ra'ayina, maganin lalatacce shi ne a sa mai kyau. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai ɗauki zafin aiki ba, musamman da asubahin hunturu, lokacin da sanyin fadama yake ratsa ƙashi. A wannan hali fetur ba ya ƙonewa duka, yana wanke man da yake jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi su riƙa cin silib a bushe. Kuma sau da yawa cire shi ɓoye ciwo ne kawai, ainihin cutar tana cikin lagireton da laka ta toshe.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, allurar zafi ta haura, to a gangara gefen hanya a kashe inji, a buɗe bonet, a yi haƙuri. Kada a buɗe murfin lagireto yana huci, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta wannan hanya; kada kuma a kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, don ƙarfen da ya yi zafi ya gamu da sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi. Rabin sa'a a inuwa ya fi arha a kan tof silinda.

Ga makanikai matasa kuma ina da wasiyya a nan. Ranar da za ku cire tof, kada ku fizge ta sama tsaye, domin gasket yana manne da bakin silib, yana iya ɗago su daga mazauninsu. Ku fara gurgusa ta gefe har ta saki. Da ta fita, ku danne silib ɗin da washa da ƙusa kafin kowa ya juya inji, saboda idan silib ta motsa, ɗan abin da yake toshe gindinta ya lalace, za ku ɗaure inji tsaf, bayan kwana kaɗan mai mota ya dawo da ruwa a cikin mai, a shiga zargin gasket alhali ɓarnar tana ƙasa. Ku ɗaure ƙusoshin tof da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa gefe, bisa tsari; bayan mota ta yi tafiyar kamar kilomita dubu kuma a dawo a sake ɗaurewa, a sake saita bawul. Wannan dawowa ita ce mafi yawan masu mota suke ƙi, suna ganin neman kuɗi ne, alhali tana cikin sharuɗɗan aikin.

Mu juya ga ruwa ta wata fuskar, wadda ta keɓanta da mu mazauna kwari. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a wannan kogi ta sauya, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyinsa tana karkatar da shi inda ba a zata ba. Kowa yana tune da ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya hau hanyoyi ya raba garuruwa da kasuwanninsu. A irin wannan lokaci za ka ga direba ya iso inda ruwa ya shafe kwalta, fasinjoji suna gaggawa, yara suna tsaye a cikin ruwa suna nuna masa hanya da hannu, sai ya taka totur ya afka da gudu, ruwa ya tashi ya rufe bonet. Illa ta farko mai sauƙi ce: distributa ta jiƙe, ko ruwa ya sauka cikin zurfafan ramukan da fulogin wannan inji suke zaune a ciki, wuta ta ɗauke, mota ta mutu a tsakiyar ruwa. Illa ta biyu ita ce mai halakarwa, wato ruwa ya bi ta hanyar iska ya shiga silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sai sandar da take riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci har ta fasa ganga.

Ƙa'idar ƙetare ruwa ita ce a fara sauka a auna zurfinsa da ƙafa ko sanda. In ya wuce tsakiyar taya, haƙuri ya fi. In za a shiga, a shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba. In kuma mota ta mutu a ciki, to haramun ne a wajen mai hankali ya murɗa makulli. A tura ta waje, a cire fulogi huɗun duka, a juya inji har ruwan da ya shiga ya fito ta ramukan, a zaro ma'aunin mai a duba. In man ya koma fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, sai a juye shi a sauya filta kafin a tayar. A duba man giya da na aksul na baya su ma, don ruwa yana shigarsu a ɓoye, sai bayan wata guda a fara jin kuka.

Da damina ta wuce kuma sai ƙura ta karɓi aiki. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin Birniwa da na ƙauyukan arewa, idan suka wuce ta iyakilina, wato matatar iska, suka gauraya da mai, suna gurza silinda da ringi dare da rana. Waɗansu Fijo suna da iyakilina mai wankan mai a ƙasanta, wannan a wanke ta da kananzir a sabunta man. Mai takarda kuwa a kakkaɓe ta, in ta toshe a sauya. Babban kuskure shi ne a cire ta gaba ɗaya don wai mota ta ƙara numfashi. Baƙin mai da wannan inji yake ɗauka kusan lita huɗu ne, mai kauri irin 20W-50 shi ya dace da shi da yanayinmu, a yi juye a kowace kilomita dubu biyar, mai bin hanyar ƙura kuma ya rage. A guji man da ake aunawa a kwalba wanda ba a san asalinsa ba. Fitilar mai kuma in ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, don tsakanin kamawarta da bugawar inji tazara kaɗan ce.

Na taɓa zama a wani gareji a bayan tasha ina kallon wani dattijon bakanike yana karɓar wata wagon da aka kawo tana rawa. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa aka tayar, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a kan murfin bawul, ya manna ƙotarta a kunnensa, yana matsar da ita daga silinda zuwa silinda, idonsa a rufe. Sannan ya zaga baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina. Ya dawo ya zaro ma'aunin mai ya murza ɗigo tsakanin yatsu biyu. Sai ya ce wa direban, “Malam, injinka lafiya lau yake, bawul ne suka matse, kwantak kuma ya ci. Ka bar ta ta kwana, da safe in ta huce mu saita.” Wannan jiran da ya sa aka yi ilimi ne, domin bawul ɗin wannan inji a sanyi ake saita su: na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi milimita 0.25. Bakin kwantak milimita 0.4 ne, na fulogi kamar 0.6, wuta kuma tana bin silinda ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyu, tare da lura da cewa a lissafin Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta can baya wajen giya. Bawul ɗin da ya yi sako-sako ƙara kawai yake yi. Wanda ya matse shi ne mai haɗari, don ba ya zama ya huce, sai ya ƙone shiru. Saboda haka direban da yake matsa wa bakanike ya kashe masa duk wata ƙara, ya sani yana iya sayen shirun da tsada.

Batun fetur gajere ne. Kafireta tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ƙwayar rairayi ɗaya take toshewa, man bumburutu kuwa yakan zo da datti ko ruwa ko gauraye. Kowa ya ga abin da gurɓataccen fetur ya yi wa motoci a farkon 2022. Wanda larura ta sa ya saya a galan, ya tace da ƙyalle mai tsabta, ya kuma sa ƙaramar filta a kan tiyon mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, saita kafireta da taimin daidai ya tashi daga mustahabbi ya koma wajibi ga mai haya, don ribar yini tana iya zurarewa ta nan.

Saura tambayar da ake yawan yi mini: shin har yanzu wannan inji abin dogaro ne? Amsata ita ce e, bisa sharaɗi biyu. Na farko kayan gyara. Na asali sun yi ƙaranci, kasuwa ta cika da jabu masu kwali mai kyau, har ya zama sau da yawa tsohuwar tof ta asali da aka samo a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, in an gwada ta a ga ba ta lanƙwasa ba, ta fi sabuwar da ba a san maƙerinta ba. Gasket da mital da ringi kuwa, nan ne bai kamata a nemi arha ba ko kaɗan. Na biyu lodi. An ƙera wagon ne don mutum bakwai ko takwas da kayansu, akori-kura kuma tana da iyakar abin da aka yi ta dominsa. Wanda ya jibga mata buhunan shinkafa har ta durƙusa, ya ɗora mutane a sama, sannan ya riƙa jan ta da babbar giya a cikin rairayi har inji yana ƙwanƙwasa, ya zalunci inji, ya kuma yi wasa da rayukan da aka ba shi amana, domin injin yana iya jurewa ya ja, amma birki da taya ba za su jure su tsayar ba.

Ga iyayen gida masu gareji kuma, ina roƙonku ku zaunar da yaranku ku nuna musu ma'aunin bawul da sifana mai ma'auni, ku bar su su saita da hannunsu kuna tsaye a kansu, don injinan zamani da suke shigowa yanzu sun fi wannan tsanani wajen ƙa'ida, wanda bai koyi auna milimita a kan Fijo ba zai sha wuya a kansu.

A nan lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki injin ban-ruwa na manoman rani, mu duba abin da yake sa shi mutuwa a tsakiyar kakar alkama.